Giyar Likitan Shanu

Motar ta zabura gaba maimakon ta ja baya, ta ture bencin da ke ƙofar gidan Malam Maigandi, ta watsar da kuɓewar da matarsa Hawwa'u ta shanya a faifai, sannan injin ya yi tari ya mutu. Maigandi yana tsugune a bakin zaure yana alwalar La'asar, saura ƙafar hagu. Bai tashi ba sai da ya wanke ta. Da ya tashi, ya dubi bencin, ya dubi kuɓewar a cikin taɓo, sannan ya je ya leƙa ta tagar motar.

Dooshima ce a bayan sitiyari, 'yar maƙwabcinsa Terkula. A layin nan aka haife ta, Hawwa'u ce ma ta yi mata wankan farko, yanzu ga ta malamar makaranta mai 'ya'ya biyu. Ta iya tuƙi, wannan ba a musu. Amma ta riƙe sandar giya da hannu biyu tana juyawa, gumi yana gangaro mata ta gefen kunne.

"Baba, ka yi haƙuri. Ribas nake nema tun ɗazu," in ji ta. "Duk inda na tura ta sai ta tafi. Ba ta tsayawa ko'ina."

"Ba za ki samu ba," in ji Maigandi. "Ni da na yi shekara arba'in a gareji ban samu ba. Me ya haɗa ki da motar babanki?"

Ta saki sandar, sandar ta kwanta gefe ita kaɗai kamar muciya a tukunyar kunu.

Duk wanda ya zauna a unguwar Yerimaram ya san motar nan. Tsohuwar wagon ce fara, ko kuwa a ce ta taɓa zama fara. Terkula ya saye ta tun yana malamin dabbobi a kasuwar shanu, inda Fulani suka laƙaba masa Likitan Shanu, sunan ya bi shi har gida. Mutumin Binuwai ne, ɗan ƙabilar Tibi, Kirista. Aiki ya kawo shi Potiskum yana saurayi, ya tsufa a gidan da katanga ɗaya ta raba da na Maigandi. Injin motar lafiya lau, birki lafiya lau, akwatin giyar ma ba abin da ya same shi. Abin da ya lalace ɗan ƙanƙanin abu ne, bushin da ke riƙe gindin sandar giya, wata 'yar roba mai tauri da ba ta fi murfin kwalba girma ba. Ya cinye, sandar ta saki, giyoyin suka bar inda aka san su.

Hannun Terkula kaɗai ya san inda suka koma. In zai sa ta ɗaya, sai ya jawo sandar wajen gwiwarsa, ya ɗan ɗaga ta, ya tura. Ribas kuwa sai ya danna ƙasa, ya karkata, ya buga da gindin tafin hannu. Ta uku ba ta zama, da an fara hawa sai ta fice, don haka ya yanko roba daga tsohon tif na taya ya ɗaura a jikin sandar, in ya sa ta uku sai ya maƙale robar a wata ƙusa da ke ƙarƙashin rediyo. Bai taɓa kulle motar ba. An ce wani ɓarawo ya taɓa shiga a bakin kasuwa, ya tayar da ita, ya yi ta lalube har mai ita ya dawo ya jingina da taga yana ba shi shawara.

Sai da Dooshima ta share fuska da gefen ɗankwali sannan ta faɗi abin da ke nan. Jiya aka sallami mahaifinta daga asibiti, ba don ya warke ba. Hanta ce, ta gama. Likita ya ja ta gefe ya ce kwanaki ne, kuma ba masu yawa ba, in akwai inda yake so ya je to a kai shi yanzu. Shi kuwa wuri ɗaya yake so, ƙauyensu da ke bayan Gboko. Mutanen cocinsu sun ce za su samo motar asibiti, ya ce ba zai shiga motar da ke jiniya ba alhali yana numfashi. Motar haya ba zai iya zamanta ba. Ya ce a kwantar da kujerar bayan tasa, a shimfiɗa katifa, Dooshima ta ja.

"Tafiyar wuni guda ce, Baba," ta ce. "Ga hawan Jos, ga gangaren Akwanga. Ni ko daga ƙofar gida na kasa fitar da ita."

Aka tayar da sallah a masallacin layi. Maigandi ya ce ta bar makullin a jiki, gobe da safe zai duba. Ya tafi ya bi sahu, amma Allah ya sani ranar ba a sallar hankalinsa yake ba. Yana wajen wani gwangwanin madara da ke ƙasan akwatin kayan aikinsa a zaure.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da matar Terkula, Msurshima, ta rasu. Aka kai ta gida aka binne a gindin mangwaron gidan surukinta, kamar yadda suke yi. Terkula ya dawo ya tarar da takardar ritaya tana jiransa. Da yamma ya zauna a bencin nan ya ce wa Maigandi ya gama da Potiskum, zai tattara ya koma kusa da matarsa. Abu ɗaya ya tsaya masa: sandar giya ba za ta jure doguwar hanya da kaya ba. Ya ce Maigandi ya nemo masa bushi. Maigandi ya ba wani direba saƙo zuwa Kano, sati biyu sai ga bushi a 'yar leda, sabo fil, daidai da motar.

Ya juya shi a tafin hannu. Aikin bai fi na awa ɗaya ba. Ya dubi bencin, ya dubi ramukan darar da suka haƙa a gindin katanga, inda suka shekara ashirin da wani abu suna cin juna suna gardamar abin da rediyo ta faɗa. Sai ya buɗe gwangwani ya jefa ledar, ya rufe. Da Terkula ya tambaya, ya ce kaya bai zo ba. Bayan wata guda ya ce an aiko wanda ba nasa ba, ya mayar. Bayan shekara ya ce irinsa ya yi wuya. Daga nan maganar ta zama gaisuwarsu ta safe. Terkula ya leƙo ya ce, "Injiniya, kaya ya zo?" Maigandi ya ce, "Yana hanya, Likita." Su yi dariya, kowa ya kama harkarsa.

Ƙarya ce, ba ta da wani suna. Dattijo mai furfura, mai sallah a sahun farko, ya yi ta kowace safiya shekara goma sha ɗaya. Ba a yabon mutum a kan irin wannan, ko da ƙauna ce ta sa shi.

Bayan sallah ya shiga gida zai faɗa wa Hawwa'u. Tana tsince kuɓewar da ta tsira daga taɓo. Bai kai ƙarshen magana ba ta ce ta san da gwangwanin, ai ita ke share zauren. Ta ce ta yi shiru ne don ba a tambaye ta ba, amma tunda yanzu an tambaye ta, to gobe kada rana ta yi tsaka bawan Allahn nan bai samu motarsa ba.

Laraba da hantsi aka tura motar inda take kwana, Maigandi ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashinta. Damina ce, layin duk ya jiƙe, amma ƙasan motar a bushe yake, fari fat, don shekaru ke nan a nan take kwana. Ya fara ta ciki, ya ɗaga robar da ke rufe gindin sandar, ya kwance notuna huɗu. Sannan ya kwanta ya ja jiki ƙasa, ya zare fil ɗin da ke haɗa sandar da ƙarfen da ke zuwa akwatin giya. Tsohon bushin babu shi, sai wani baƙin gari da ya cakuɗe da giris. Ya goge ramin da tsumma da kananzir har ya yi ƙyalli. Ya fito ya zauna, ya buɗe gwangwani, ya yage ledar. Ya ɗora bushin a bakin ramin ya danna da babban yatsa.

Ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli.

Maigandi ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Roba ce, ta yi bazara goma sha ɗaya a cikin gwangwani a ƙarƙashin kwanon rufi. Shi da ya yi ta koya wa mutane cewa roba ba ta ajiyuwa a zafin Potiskum, bai taɓa tuna wannan ba. Ya ɗauka abin yana nan yana jiransa, duk ranar da ya ga dama awa ɗaya ta ishe shi ya wanke laifinsa.

Ya tare adaidaita ya nufi wajen masu sayar da kayan mota. Ya bi shago-shago da sandar giya a hannu. Wasu ko irin motar ba su taɓa gani a buɗe ba. Wani ya danna waya ya ce za a iya samowa daga Kano zuwa Asabar, in an yi sa'a. Wani ya ce ya naɗe da waya da robar tif kawai, ai tana tafiya. Bakaniken yanzu ke nan, in ba a ba shi abu a kwali ba ya tsaya, in kuma ya motsa ya yi ɗauri irin na kayan miya. Maigandi ya san robar tif ko Darazo ba za ta kai ba. Ya je wajen 'yan gwangwan, aka nuna masa gawar irin motar, ya leƙa ƙasa ya tarar nata bushin ya riga na Terkula mutuwa.

A nan, yana tsaye cikin tarkacen ƙarafa, ya tuna maigidansa na gareji, wanda ya koya masa aiki tun ana jiran kayan mota wata uku kafin su iso. Tsohon yakan sassaƙa bushi da ƙahon sa. Ƙarshen ƙaho ba shi da rami, yana da tauri, ba ya cin ƙarfe, kuma yana shan giris. Ranar kasuwar shanu ce, mayanka cike take da ƙaho. Sai dai ɗanye ba ya yi. Ɗanyen ƙaho in ya bushe yana tsukewa, kafin a je ko'ina sandar ta sake saki. Sai wanda ya yi shekara da shekaru a rataye. Irin wannan kuwa guda ɗaya Maigandi ya sani a duk garin.

Bayan Azahar ya yi sallama a gidan Terkula. Dooshima ta ɗaga masa labule ta fita. Ɗakin yana warin magani. Terkula yana kwance an tokare shi da matashi biyu, wuyan ya zama siriri, idon ya yi rawaya, cikin ya kumbura a ƙarƙashin zane. A bango, sama da kansa, ga ƙahon nan dogo mai lanƙwasa, da tsohuwar malafarsa a rataye a jiki. Wani Bafulatani ne mai suna Bubayaro ya kawo masa. Wata shekara ciwo ya shiga garkensa, Terkula ya bi shi daji ya yi kwana tara yana allura, garken ya tsira. Da jan bijimin garken ya tsufa aka yanka, Bubayaro ya taka tun daga ƙauyen Danchuwa ya kawo ƙahon.

"Injiniya," in ji Terkula. Muryar ta ragu, amma Hausar tana nan da ƙamshinta na Tibi. "Kaya ya zo?"

Amsar kullum ta zo bakin Maigandi, ya haɗiye ta. Ya zauna a kan kujerar roba, ya zaro ledar daga aljihu, ya zazzage marmashin a tafin hannu ya miƙa inda mara lafiyan zai gani.

"Ya zo, Likita. Tun shekarar da Maman Dooshima ta rasu ya zo. Ni na ɓoye shi. Yau na je sawa ya zama haka."

Terkula ya dubi hannun. Kafaɗunsa suka fara rawa, Maigandi ya ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, dariyar ta koma tari, sai da aka ba shi ruwa.

"Gwangwanin madara," ya ce da ya samu numfashi. "Ƙasan akwati, ɓangaren hagu. Na gani. Ranar da famfona ya lalace na zo aron sifana, kana masallaci, Hawwa'u ta ce daga cikin gida in buɗe in ɗauka."

"Ka gani ka yi shiru?"

"Malam, bakanike nawa ne a Potiskum? Sun fi 'yan adaidaita yawa. Ƙafata kuma ba ta karye ba. Da tafiya nake so da tuni na tafi." Ya rufe ido ya huta. "A can wa na sani? Kabari na sani, da yayata guda. A nan ina da wanda nake ci a dara kullum."

"Kullum kuma? Ka ji tsoron Allah, Likita."

"To, mafi yawa."

A waje wata tirelar shanu ta wuce ta babban titi, tagar ta ɗan girgiza. Da Terkula ya sake buɗe ido babu sauran wasa a fuskarsa.

"Amma yanzu ina so. Ina so in shiga gidan ubana da numfashina. Kada a shigar da ni a akwati kamar kaya. Za ka iya?"

"Zan iya," in ji Maigandi. "Amma sai da wancan." Ya nuna bango.

Terkula bai ko juya ba. Ya ce a ɗauka, shekara ashirin bijimin Bubayaro yana zaune ba ya aikin komai sai riƙon malafa, gara shi ma ya ga hanya.

A inuwar zaure Maigandi ya yi aikin. Ya ɗaure ƙahon a jikin benci, ya yanko ƙarshensa da zarton ƙarfe, warin ƙonannen gashi ya cika layin. Ya auna da fil ɗin, ya huda tsakiya da abin huji na hannu, a hankali, yana tofa yawu don kada ya yi zafi. Idonsa ba na da ba ne. Yana gab da gama hujin sai yankin ya tsage gida biyu. Ya yi gaggawa, ya sani. Abin da ya rage na wurin da ba rami bai fi a yanka sau ɗaya ba. Ya ajiye kayan, ya je ya yi La'asar, ya dawo ya zauna ya yi bisimilla. Wannan karon ya fara da siririn huji, ya faɗaɗa shi kaɗan-kaɗan. Sannan ya ɗauki magagari ya shiga goge bayan, yana juyawa, yana gwadawa a bakin ramin sandar, yana cirewa, yana ƙara gogewa. Hawwa'u ta aiko da abinci, ya huce a inda aka ajiye shi.

Da ya kai inda yake so, ya shafe shi da giris, ya ɗora katako a kai ya buga da guduma sau uku. Ya shige ya zauna daram. Maigandi ya mayar da sandar, ya sake kwanciya a ƙasa, ya kira Dooshima ta hau ta riƙe ta a tsaye. Yana daga ƙasa yana cewa ta matso dama, ta dawo kaɗan, ta tsaya haka, har ramukan suka haɗu fil ɗin ya wuce. Ya sa wosha gaba da baya, ya ɗaure. Ya ce ta taka kuloci ta gwada.

Ya ji ƙarar daga ƙasa, ƙwas. Ta ɗaya. Ƙwas, ta biyu. Ta bi su duka har ribas, kowace a ɗakinta. Maigandi bai fito nan da nan ba. Ya ɗan jima kwance a kan buhun yana kallon cikin motar.

Terkula ya ji labari ya ce sai an kawo shi ya gani. Rana ta yi sanyi, ba a kira Magariba ba tukuna. Maigandi da Dooshima suka tallafo shi, ba shi da nauyi ko kaɗan, suka zaunar da shi a kujerar direba. Ya ɗora hannu a kan sandar. Ƙafarsa ba ta iya taka kuloci ba, Maigandi ya durƙusa a bakin ƙofa ya danna masa da hannu. Terkula ya jawo sandar wajen gwiwarsa, ya ɗaga, ya tura, yadda ya saba. Sandar ta ƙi. Ya danna ƙasa ya karkata ya buga da gindin hannu. Ta ƙi. Ya yi ta nema a wuraren da ya sani, babu ko ɗaya.

"Ka lalata min mota, Injiniya," ya ce.

Dooshima ta sunkuya ta ɗaya ƙofar, ta ɗora hannunta a kan nasa, ta tura gaba kai tsaye. Ƙwas. Terkula ya gyaɗa kai. Ya kwance robar tif ɗin daga jikin sandar, ya daɗe kafin ƙullin ya saki, ya miƙa wa Maigandi ya ce ya riƙe, ya yi mata ritaya ita ma.

Alhamis bayan sallar Asuba suka tashi. An kwantar da kujerar baya an shimfiɗa katifa. Hawwa'u ta fito da lulluɓi ta kawo kunun gyaɗa a fulas, ta tsaya a bakin taga ta ce Baban Dooshima ya yafe mata in ta taɓa saɓa masa. Ya ce ita ce za ta yafe, kajinsa sun ci mata shanya fiye da ƙirga. Faston cocinsu ya yi addu'a, wata mata daga cikin 'yan cocin ta shiga baya ta zauna kusa da shi don ta kula da shi a hanya. Maigandi ya duba mai, ya duba ruwa, ya bubbuga tayoyi da ƙafa, ya sake duba ruwan da ya riga ya duba. Daga ƙarshe dai dole ya zo bakin ƙofar baya. Ya kama hannun Terkula. Duk abin da ya shirya faɗa ya gudu.

"Allah ya kai ku lafiya, Likita," ya ce.

"Amin. Ka rufe ramukan darar nan, kada wani ya zo ya gane ba ka iya ba."

Dooshima ta tayar da mota, ta sa ribas sau ɗaya ta shiga, ta juya kan motar. Maigandi ya tsaya a tsakiyar layi. Da ta sha kwana ya daina ganinta, amma kunnensa yana biye. Ya ji ta biyu wajen masallaci. Ya ji ta uku da ta hau kwalta, ya riƙe numfashi yana jiran ƙugin da injin ke yi in ta fice. Bai ji ba. Ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace cikin ta sauran motoci.

Wunin ranar bai yi nisa da wayarsa ba, shi da kullum yake faɗa da masu manne wa waya. Da hantsi Dooshima ta kira daga Bauchi. Bayan Azahar ta kira ta ce sun sauka Akwanga, yana barci, yana numfashi. Daga nan shiru. Ya sa Hawwa'u ta kira masa, aka ce ba a samun lambar. Magariba ta yi, Isha ta yi, babu labari. Hawwa'u ta ce ƙauye ne, wataƙila ba sabis. Lissafin da Maigandi yake yi a zuci shi ne wunin Laraba da ya tafi a kan ƙaho, wunin da da ba don gwangwaninsa ba da a hanya aka yi shi.

Juma'a yana saka babbar riga zai tafi masallaci wayar ta yi ƙara. Daga yadda ta ce "Baba" ya gane. Ya zauna a bakin gado.

Ta ce sai da ta hau wani tudu ta samu sabis. Sun isa jiya rana tana faɗuwa. Tun daga gadar Makurɗi ya farka, ya ce a dawo da shi kujerar gaba, ya ɗora hannun hagu a kan sandar giya bai ɗauke ba, in za ta canja sai ta canja da hannunsa a ƙarƙashin nata. Ya nuna mata kwanar gidan da kansa. Yayarsa ta fito, ya yi mata magana da yarensu, ya sha ruwan rijiyar gidan, aka zaunar da shi a gindin mangwaro kusa da Mama har duhu ya fara. Yau da safe, bayan gari ya waye, ya cika.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Maigandi. "Allah ya ba ku haƙuri, 'yata. Ya shiga da numfashinsa?"

"Da numfashinsa, Baba. Har da ƙafarsa, taku uku, mun riƙe shi." Ta ja hanci. "Ya ba ni saƙo. Ya ce in gaya wa Injiniya, ta uku ba ta fice ba ko sau ɗaya."

Maigandi ya je masallaci ya dawo. Ya faɗa wa mutanen layi, aka yi ta shigowa ana yi masa gaisuwa kamar shi ne ɗan'uwan mamacin, bai kuma gyara wa kowa ba. Da La'asar ta wuce mutane suka watse, ya fito da bencin, wanda har yanzu ƙafarsa ɗaya ke ɗingishi tun karon ranar Talata. Hadari ya haɗu ta gabas. Inda motar take kwana yana nan a fili, dogon wuri fari a tsakiyar jiƙaƙƙiyar ƙasa, da ɗigon baƙin mai a wajen kai, da ɗan garin ƙaho da iska ta kwaso daga zaure.

Ya zauna da robar tif ɗin naɗe a yatsunsa. Hawwa'u ta leƙo ta ce ya shigo, ruwa zai sauko. Ya ce yana zuwa. Ɗigon farko ya faɗi a kan farar ƙasar ya yi baƙi, na biyu ya faɗi kusa da shi. Maigandi yana nan zaune yana kallo, har wurin ya zama ɗaya da sauran layin.